Bindigar Da Na Ɗauka Raɗa Take Yi

Na sauka Wagadugu da jakar kaya ɗaya, da rakoda rataye a wuya, da lambar wayar wani mutum da ban taɓa sa wa ido ba. Musyo Karim sunansa, ko dai haka ya ce mini. Ta intanet muka haɗu, ya yi mini alkawarin gurbi a wata makarantar koyon aikin sautin fim, ni kuma na tura masa kuɗin rajista tun ina Kano. A tasha na kira lambar, wata mata ta amsa da Faransanci mai santsi. Na yi ta gaishe ta ina zuba bayani, har wani mai shayi ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya ce mini ai na'ura ce, cewa take yi layin ba ya aiki. Ni da na shafe shekaru ina ɗaukar muryoyin 'yan wasa a Kano, ga ni na ɓata gaisuwa a kan na'ura. Kunya ta fi takaicin kuɗin damuna a wannan lokacin.

Mai shayin Bahaushen Nijar ne. Bai yi mini dariya ba sai da na juya baya. Ya haɗa mini shayi bai karɓi ko sisi ba, ya tsayar da wani mai babur ya ce ya kai ni Zongo, gidan Hajiya Larai.

Hajiya Larai jikar fataken goro ce, a nan aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, kuma ba ta taɓa taka Kano ba, amma in tana maganar garin sai ka ce da ita aka gina ganuwa. Ta sa aka kawo mini zom-kom, wato ruwan garin gero mai sanyi da suke tarbar baƙo da shi, ta bari na shanye sannan ta fara tuhuma.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Hajiya."

"To Allah ne ya aiko ka. Mi kake aiki?"

"Sauti nake ɗauka."

"Ka ɗauka ka kai ina?"

Ta ba ni wani ɗaki kusa da zaure, ta ce in zauna sai na ga abin da Allah zai yi.

Kwanakin farko na sha wuya. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, Moore kuwa, yaren mutanen garin, ko gaisuwar sai na karya ta. Wake da shinkafar da suke kira benga na ci har na daina jin ɗanɗanonta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin ba ya ƙara irin ta gida. A Kano hon ne ke tashinka. A Waga babura ne ke wucewa kamar ƙudan zuma, maza da mata, tsofaffi da goyo, ba mai danna hon sai dole. Kewar gida ta kama ni ta kunne, har na riƙa kwanciya da rana ina sauraren wani tsohon sauti da na taɓa ɗauka a bakin kasuwar Kurmi.

Sai dai ni mutum ne mai shegen son sanin inda ƙara take fitowa. Tun ina yaro ake dukana a kan farke rediyo. Kullum da sassafe nakan ji wani ƙwal-ƙwal daga nesa, ba ya tsayawa, na tambaya aka ce masu fasa dutse ne na unguwar Pissy. Na ɗauki rakoda na bi shi da ƙafa. Wani rami ne makeke, mata da maza a ciki suna dukan dutse da guduma cikin hayaƙin tayoyin da suke ƙonawa don dutsen ya tsage. A bakin ramin ƙarar kamar ana kaɗa cokali a kofi. Da na gangara ciki sai kowace guduma ta zama biyu, ta bugi bango ta dawo. Na yini a wurin ina murna, matan suna kallona suna magana da Moore, na san dai ba yabona suke yi ba.

Wannan sautin ne ya samo mini aiki. Hajiya ta haɗa ni da 'yar wata ƙawarta, Madam Awa, mai shirya fim, tana da ɗan ɗakin aiki a cikin gari. Uwarta 'yar Zongo ce, saboda haka Hausarta ta ji Faransanci kamar miyar da aka cika wa gishiri. Ta saurari gudumomin Pissy ido a rufe, ta buɗe ta ce:

"Bon. Kana da kunne. Ina yin fim a kan masu satar harbin giwa. Ba na son sautin da aka kwaso a intanet, komi na gaske nake so. In ka haɗa mini shi tsaf, kujerar nan taka ce." Ta nuna kujerar da ke gaban na'urar haɗa sauti. "In ka kasa, motar Kano tana nan kullum."

Kujerar nan ita ce abin da ya fito da ni daga gida. In na same ta, ko ba makaranta na koyi abin da na zo nema. In na rasa ta, zan koma in tsaya gaban mahaifiyata da jakata da labarin Musyo Karim.

A cikin fim ɗin akwai wurin da ɓarawon giwa yake harbi da doguwar bindiga mai bututun rage ƙara a baki. 'Yan Waga silansiye suke ce masa, mu a Kano salansa, kamar ta babur. Na san ƙararta, ko in ce na ɗauka na sani, domin na ji ta a finafinai ba adadi: fuf, kamar kyanwa ta yi atishawa, mutum ya faɗi, na ɗakin kusa bai ma farka ba. Ni kaina na sha liƙa wannan fuf ɗin a finafinan Kano. Amma Madam ta ce na gaske, sai tambaya ta fara cina. Da gaske haka take yi? In haka ne, ina ƙarar take zuwa?

A zauren Hajiya akwai wani dattijo, Baba Sambo, wanda ya yi rayuwarsa yana yi wa Turawa mafarauta jagora a dazukan gabas, kafin hanyoyin su lalace kowa ya watse. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, sai ka zagaya dama in kana son amsa. Na zagaya na tambaye shi ko ya taɓa jin irin wannan bindiga.

"Na ji ta mana. Wani nasara ya taɓa zuwa da ita."

"Yaya ƙararta take, Baba?"

"Ina kake tsaye?"

"A'a, ƙararta nake tambaya."

"Ni ma ita nake ba ka. Ina kake tsaye, ɗan Kano? Bindiga ba ta da ƙara guda. Na gabanta daban yake ji, na bayanta daban. Da sahe daban, cikin iska daban. Ranar da munka tahi da shi, ni ina can baya cikin ciyawa mai tsawo, abin da na ji kamar an buga katako biyu."

Katako biyu. Wannan na riƙe na bar sauran. Ban tsaya na yi tunanin cewa yana nesa ba, kuma ciyawa ta shanye rabin ƙarar, kuma kunne ɗaya ya ji ta da shi. Na haɗa katakon Baba da atishawar kyanwar finafinai, na yanke hukuncin cewa abu ne siriri zan farauta, wanda sai na matsa kusa na buɗe makirfo sosai kafin in kama shi.

Samun izinin harbi ya ɗauki lokaci, domin a Burkina ta yanzu ba a wasa da ƙarar bindiga. Madam ta yi ta zarya ofis-ofis har aka amince, da sharaɗin jandarmomi su raka mu. Aka zaɓi wani tsohon ramin fasa dutse can bayan gari wanda aka daina aiki a cikinsa, saboda bangonsa zai tare harsashi. Mai kula da makaman fim ɗin wani tsohon soja ne da kowa ke kira Ajidan, gajere, mai tsabta, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ya jera mu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba kowa toshen kunne na soso, yana tsayawa sai ya ga an cusa. Da ya zo kaina, ya ga manyan hedifon ɗina sun rufe kunnuwana ruf, baƙaƙe masu kauri. Ya nuna su da yatsa, ya ɗaga mini babban yatsa, ya wuce.

Na ɗauka yaba kayan aikina yake yi, har na ji daɗi. Shi kuwa ya ɗauka irin marufin kunnen da ake sawa a filin harbi ne. A sana'arsa abin da ya rufe kunne kare shi yake yi. A tawa sana'ar, ɗura masa ƙara yake yi.

Ya tsayar da ni a gefensa ɗan baya kaɗan, na miƙa sandar makirfo har kusa da bakin bututun. Sannan na yi abin da duk mai ɗaukar sauti yake yi in zai kama raɗa: na murɗa ƙarfin makirfo, na murɗa na hedifon, har ƙarshe. Duniya ta buɗe mini. Ina jin numfashin Ajidan, ina jin rigarsa tana goga da gindin bindiga, ina jin agogon hannunsa. Na tuna ina murmushi, ina cewa a raina ko ƙuda ya yi tari yau sai na kama shi. Na ɗaga wa Madam hannu alamar na shirya.

Ban ji ta a matsayin ƙara ba. Ji na yi kamar an soka mini ƙusa ta kunnen dama ta fito ta ido. Na tsinci kaina a durƙushe, sanda a ƙasa, hedifon a hannu, mutane suna motsa baki ba abin da ke fita. Sai wani siririn kuka, tsiii, ya cika mini kai.

Ajidan ya karɓi hedifon ɗin, ya juya shi, ya ga waya, ya bi ta da ido har zuwa rakoda. Ya sa a kunnensa ya ƙyasta yatsa a gaban makirfo, ya zabura. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta faɗi haka ba. Ya dafa kansa da hannu biyu, ya zauna a kan dutse yana ta maimaita wata kalma. Daga baya Madam ta ce mini kansa yake zagi.

Ta so a tattara a tafi asibiti. Na ƙi. Wani ɓangare tsoro ne, kada a ce ɗan Kano ya ɓata izinin da aka sha wuya a kansa. Amma in zan faɗi gaskiya, son sani ne ya fi yawa. Kunnen hagu ya fara dawowa, kuma tambayata ta ƙara girma: in wannan ce mai salansa, to mene ne salansar ta rage? Na cusa soso, na ajiye hedifon, na rage ƙarfin makirfo, na ce zan yi aiki da ido, in riƙa kallon ma'aunin rakoda.

Ajidan, wataƙila don ya biya ni, ya zama malamina, Madam tana fassara da ƙarfi ta hagu. Ya ce harbi ɗaya ƙara uku ne ko huɗu da suka hau kan juna. Akwai ta hayaƙin albarushi da ke fashewa a bakin bindiga, ita kaɗai bututun yake tausasawa. Akwai ta harsashin kansa, domin ya fi sauti gudu, yana tsaga iska kamar bulala duk tsawon hanyarsa, wannan ba ruwanta da bututu. Akwai ta ƙarfen bindigar, akwai ta inda harsashin ya sauka. Ya sake harbawa, ma'auni bai kai na farko ba. Na ce me ya sa? Ya ce harbin farko yakan fi, saboda bututun cike yake da iska mai kyau, wuta ta samu abinci. Wato ni na karɓi mafi muni, a cikin ramin da bangonsa yake mayar da kowace ƙara. Na tuna gudumomin Pissy, na ji kamar in mari kaina.

Muka yi ta gwaji. Na kai makirfo bayansa, ƙarar ta yi laushi. Na kafa shi can gaba a gefen hanyar harsashi na dawo, bulalar nan ce kawai ta fito, tas, ba ka ma sanin daga ina. Ya kawo wani harsashi mai nauyi wanda bai kai sauti gudu ba, bulalar ta ɓace, sai wani duf mai kauri da ƙarar ƙarfe. Ya ce da bindigar gajera ce da ta fi haka ihu, domin hayaƙin yana fita da sauran zafinsa. A ƙarshe na hau saman ramin na yi nisa cikin ciyawa, iska tana kaɗawa daga wajena zuwa wajensu. Na ɗan zare soson hagu. Katako biyu, kamar yadda Baba Sambo ya faɗa. Tsohon bai yi ƙarya ba ko kaɗan. A duk gwajin nan ba inda na samu fuf ɗin finafinai, kuma na gane ashe ko babur mai salansa ai ana jin zuwansa.

Likitan da na gani washegari ya sa ni a wani ɗan ɗaki, yana aiko mini da sautuka ina ɗaga hannu. Ta hagu na yi ta ɗagawa. Ta dama na ɗaga a kan masu kauri, sannan na zauna ina jira, ina kallonsa ta gilashi yana danna abu, ni ban ji komai ba. Ya ba ni magani, ya ce siraran sautuka ne suka tafi, wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba, sai an jira.

A gida Hajiya ta so ɗiga mini man zafi, na ce likita ya hana, ta ce to addu'a dai bai hana ba, ta tofa mini ta shafa. Ta riƙa aiko mini da farfesu kamar mai jego. Ajidan ya zo har Zongo a kan babur ɗinsa da zabi biyu a ɗaure, muka zauna ba mai jin yaren wani, ya daɗe sannan ya tafi. Baba Sambo kuwa da ya gama jin labarin sai ya yi dariya har da tari.

"Ni shekaru bindiga ta ɗauka tana cin nawa kunnen kaɗan-kaɗan. Ku 'yan Kano komi da gaggawa."

Sannan ya kama hannuna ya riƙe. Ya ce, "Da na san kusa za ka tsaya, da ban ce maka katako ba." Na ce masa ai ya tambaye ni inda nake tsaye har sau biyu.

Mahaifiyata ban gaya mata ba. In ta kira sai in kara wayar a hagu in ce komai lafiya. Madam ma da ta tambaya na ce kunne ya washe. Ban ɗauke shi ƙarya sosai ba, domin ina jin magana, ina jin mota, ina jin kiran salla. Kukan nan ne dai bai tafi ba, amma na fara sabawa da shi. Na zauna a kujerar na yi makonni ina haɗa sautin fim ɗin, tsoro yana cina kullum, ina kuma jin daɗin aikin yadda ban taɓa ji ba. Wurin harbin ya fito da kyau. Na sa bulalar a gaba, katakon a nesa, duk wanda ya ji sai ya waiga.

Ranar da na ce na gama, Madam ta zo ta zauna kusa da ni ta sa nata hedifon. Muka wuce harbin ta gyaɗa kai. Muka zo wani wuri mai shiru, inda matar mafaraucin take roƙon mijinta kada ya fita. Ta tsayar.

"Wannan fa?"

"Wanne, Madam?"

"Gyaren nan. Ka bar shi a kan muryarta?"

Na ce babu gyare. Na mayar baya na saurara, murya tsaf, sai iska kaɗan. Ta miƙo hannu ta cire hedifon daga kaina, ta juya shi, na dama ya koma hagu, ta mayar mini, ta danna.

Gyare ne ƙato, yana ta tsala kuka a kan kowace kalmar matar, tun daga farkon wurin har ƙarshensa. Sau nawa na saurari wurin nan ban sani ba. Na zauna ina jin sa, hawaye suna zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Na gaya mata abin da likita ya ce, na ce in tana so gobe in kwashe kayana.

Ta dubi allon kwamfutar. Ta ce, "Ni na kai ka ramin nan. Amma fim ɗina ba zai fita da gyare ba, ka gane? Ba don tausayi zan bar ka ba, ba ni da kuɗin tausayi." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Komi sau biyu za ka saurara, ka ji haka, ka juya ka ji haka. Tun daga farko. Kuma ba zan ƙara maka ko kwana ɗaya ba. Za ka iya?"

Na ce zan iya.

"Bon," in ji ta, ta fita.

Na share fuska, na nemo gyaren a kan allo, wani siririn layi a can sama, na bi shi a hankali na cire ba tare da na taɓa muryar matar ba. Na saurara ta hagu, ya tafi, wurin ya yi tsit yadda ya kamata. Sannan na juya hedifon na mayar da shi daidai, na sake dannawa. Ta dama ba abin da ya canza. Nawa gyaren, na cikin kunne, yana nan yana kuka.